Lambun Gida a Jibiya: Me Zai Iya, Me Ya Fi Ƙarfinsa?

Tun daga shekarar 2023, da cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira suka haɗu suka ɗaga farashin abinci, ake ta kira ga jama'a cewa kowa ya yi ɗan lambu a cikin gidansa. Malaman gona sun faɗa, ƙungiyoyin agaji sun raba iri, ofishin uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, har gasa ya sa don kowane gida ya mallaki lambu, da kyautar miliyoyin naira. Jama'a sun rabu biyu a kan wannan kira. Wasu sun ɗauke shi maganin yunwa, suna cewa da kowane gida zai shuka abin da zai ci, da tsadar abinci ta zama labari. Wasu kuma suna ganin raini ne a ce wa mutumin da aka kora daga gonarsa ya je ya shuka alayyafo a buhu.

A Jibiya maganar ta fi ta sauran wurare nauyi. Gari ne na bakin iyaka wanda farashin kasuwarsa ke hawa da sauka da buɗewa ko rufewar ƙofar Magama. Yana da madatsar ruwa babba a gefensa, yana kuma ɗauke da mutanen ƙauyukan da rashin tsaro ya tasa. Kowane ɓangare na masu gardamar yana da gaskiyarsa, sai dai galibi ba a kan abu ɗaya suke magana ba.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Lambun gida shi ne ɗan filin da ake shukawa a tsakar gida, ko jikin katanga, ko kangon da ke maƙwabtaka, ko cikin buhuna da tsofaffin bokitai. Abin da aka samu na tukunyar gidan ne, in ya yi saura a sayar ko a ba maƙwabta. Yawanci mata da yara ne ke kula da shi. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: zogale a jikin danga, kabewa da duma a kan rufin ɗaki, 'yar kuɓewa da yakuwa a bayan rumbu, duk tun kaka da kakanni ake yin su ba tare da an kira su shiri ba.

Garka, kamar yadda Katsinawa da mutanen Maraɗi ke cewa, ita ce lambun fadama ko na bakin gulbi da ake yi da rani don kasuwa. A nan ake fitar da kayan gwari da yawa: tumatir, albasa, tattasai, attaruhu, latas, kabeji, karas. Da can da jigo ake ban ruwa. Daga farkon shekarun 1990, lokacin shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa, ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin fetur suka maye gurbinsa. Wannan sana'a ce mai neman jari.

Na uku shi ne noman damina a gona, inda gero da dawa da wake da gyaɗa ke fitowa. Shi ke cika rumbu.

Sai kalmar "noma mai ɗorewa" da ta yawaita a bakin ma'aikata. Abin da ake nufi shi ne noman da za a iya maimaitawa shekara bayan shekara ba tare da ƙasa ta mutu ba, ruwan ƙasa bai ƙafe ba, manomi kuma bai faɗa bashi ba. Sharuɗɗan uku ne, kuma na ukun ake yawan mantawa. Lambun da sai an kawo iri da taki kyauta duk shekara kafin ya tsaya bai ɗore ba, ko da kuwa ba a taɓa fesa masa maganin ƙwari ba. Hekta kuma, da za a riƙa ambata a nan, fili ne mai murabba'in mita 10,000, wato kusan eka biyu da rabi.

Yadda Jibiya ta iso nan

Daga birnin Katsina zuwa Jibiya bai kai kilomita 50 ba. Daga Magama a tsallaka zuwa Ɗan Isa, sai Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu dangi ne. Maraɗi kanta sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Dabbobi da wake da albasa da dabino kan gangaro daga arewa, masara da kayan masana'antu su haura daga kudu. Kasuwar Jibiya ta ranar Lahadi a kan wannan kai-kawo ta ginu.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Da aka buɗe wasu a Disamban 2020, Jibiya ba ta ciki; sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ba a yi shekara ɗaya da rabi ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, aka sake rufe ƙofar har zuwa Maris na 2024. A Oktoban 2024 kuma hukumomin Nijar suka hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Direba da ɗan dako da mai shago da mai sayar da abinci a tasha, kowa ya ji a jikinsa, a daidai lokacin da hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024.

Ta ɗaya gefen kuma ga 'yan bindiga. Gonakin da ke nesa da gari, musamman ta yamma wajen iyakar Zamfara, sun zama wuraren da ake shiga da fargaba ko a bar su gaba ɗaya. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da kasuwannin dabbobi, ta hana sayar da fetur a jarka. A Maris na 2022 mutanen ƙauyen Shimfiɗa suka kwararo cikin garin Jibiya. Manomin da ya saba cika rumbu ya koma mai awo da kwano.

Sakamakon ya fito a jikin yara. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a Yulin 2024 a ƙananan hukumomin Katsina da Jibiya da Mashi ya nuna cewa a wasu wuraren fiye da kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara na fama da tamowa. A Yulin 2025 ƙungiyar ta sanar da cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Duk wanda zai yi maganar lambu a Jibiya, da wannan ma'auni ya kamata a auna maganarsa.

Tuwo da miya

Lissafin ba shi da wuya. A ƙasashen Sahel ana ƙiyasta cewa kowane mutum na buƙatar hatsi kimanin kilo 200 a shekara. Gida mai mutum takwas ke nan yana neman buhu 16 masu kilo 100. A jigawar da ba ta samun isasshen taki, da ƙyar hekta ɗaya ta gero ke ba da buhu goma. Filin da za a iya warewa a tsakar gidan talaka a cikin gari kuwa bai fi murabba'in mita 10 zuwa 20 ba, wato kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na hekta. Babu dabarar da za ta fitar da tuwon shekara daga nan. Wanda ya ce lambun gida zai maye gurbin gona bai yi lissafi ba, kuma masu jin haushin wannan magana suna da hujja.

Amma miya wani lissafi ne daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, magidanci hatsi yake fara saya, miya ta koma kuka da gishiri da ɗan dunƙule. Ciki na cika, amma jiki na rasa bitamin A mai kare ido da ƙarfafa garkuwa, da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka fara ba abinci su ne wannan giɓi ya fi kamawa. Ganye kuwa yana ba da yawa a ƙaramin fili. Alayyafo ana fara yankansa cikin mako uku zuwa huɗu, ya sake tohowa. Kuɓewa na fara 'ya'ya wajen wata biyu. Rama da yakuwa da lalo sun saba da zafin yankin. Zogale uku ko huɗu da ake sassarewa don kada su yi tsawo suna iya ba gida ganye kusan duk shekara. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, wanda mata suka daɗe suna yi, haɗi ne mai ma'ana, domin jiki ba ya ɗaukar bitamin A na ganye sosai sai da maiƙo.

A nan akwai gargaɗin da bai kamata a sassauta ba. An zuzuta zogale har wasu na ɗaukarsa maganin kowace cuta. Yaron da tamowa ta riga ta kama, ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti yake buƙata da haɗin gyaɗan nan na musamman da ake bayarwa a can. Lambu rigakafi ne ga mai lafiya. Jinkirta kai yaro asibiti saboda ana ba shi garin zogale na iya zama sanadin rasa shi.

Ruwa

A nan maganar take tsayawa ko ta faɗi. Ruwan sama a arewacin Katsina daga Yuni zuwa Satumba yake, sauran wata takwas sai abin da aka ɗebo. Da bazara, kowane murabba'in mita na kayan lambu na shan lita biyar zuwa takwas a rana. Fili mai murabba'in mita goma ke nan yana neman jarka biyu zuwa uku masu lita 25, kullum, ba fashi. Gidan da ke da rijiya ko famfo mai zuwa zai iya. Gidan da ke saye a hannun 'yan ga-ruwa, idan ya zauna ya yi lissafi, sau da yawa zai tarar kuɗin ruwan ya fi kuɗin alayyafon da zai saya a kasuwa. Wannan ne ya sa lambuna da yawa da aka fara da murna lokacin sanyi suke bushewa kafin Afrilu, sai a ɗora wa matan gida laifin sakaci alhali ruwa ne ya gagara.

Abin takaicin shi ne lokacin da lambun ya fi amfani shi ne lokacin da ya fi wuya. Daga Janairu zuwa Maris tumatir da albasa na garka sun cika kasuwa, sun yi araha. Tsadar kayan miya daga bazara take farawa ta shiga damina. Saboda haka mafi sauƙin lambu ga gidan da ba shi da rijiya shi ne na damina: a shuka kuɓewa da rama da yakuwa da kabewa ruwan sama ya shayar da su, a ci ɗanye, a shanya saura. Busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir da busasshen zogale ajiya ce ta gaske. Ganye kuma a inuwa ya kamata a shanya shi, domin rana na cinye amfaninsa.

Da rani akwai ruwan da gida ke zubarwa. Ruwan alwala, na wankin shinkafa, ƙasarin da dabbobi suka rage, duk suna iya raya 'yan shuke-shuke. Ruwan wanka ya fi dacewa da gindin itace kamar zogale ko gwanda ko lemo. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa yana tara gishiri a ƙasa har ta daina ba da amfani, ruwan kwata kuma bai halatta ya taɓa ganyen da za a ci ɗanye kamar latas ba. Masu garka a wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri a Katsina, da na bakin Jakara a Kano, sun daɗe suna ban ruwa da abin da gari ya zubar, kuma masana lafiya sun daɗe suna nuna damuwa a kai. Rufe gindin shuka da ƙaiƙayi ko ɓuntu ko busasshiyar ciyawa na rage ƙafewar ruwa ƙwarai. Haka ma binne tulun ƙasa a tsakiyar fangali a riƙa cika shi, ruwan na tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. Shuka a buhu na taimakon wanda ba shi da fili, amma buhu ya fi ƙasa saurin bushewa, rana kuma na cinye shi.

Sai babbar tambaya: yaya gari mai madatsar ruwa zai rasa ruwan lambu? An kammala dam ɗin Jibiya a kan gulbin Gada wajen shekarar 1990. Yana iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 142 (mita kubik ɗaya lita 1,000 ce), an kuma tsara shi don shayar da kimanin hekta 3,500, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Matsalar tana cikin tsarin kansa: mafi yawan filin ruwa ba ya gangara masa da kansa, sai an tura shi da manyan injina. Duk lokacin da kuɗin man dizal ko gyara ya yanke, magudanai su bushe. Shekaru da dama abin da ake nomawa bai kusanci abin da aka tsara ba. Hekta ɗaya ta wannan fili daidai take da lambunan gida 500 zuwa 1,000. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kiran a yi lambu a gida ba ya sauke wa hukuma nauyin da ke kanta na tayar da aikin dam.

Ƙananan masu garka ma mai ne ke riƙe da wuyansu. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Jibiya kuwa a ciki take. Daga Mayun 2023 litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wasu manoman arewa sun juya injinansu zuwa gas ɗin girki, masu hali sun koma famfo mai aiki da hasken rana, wato sola. Sola na da tsadar saye amma ba ta cin mai, kuma a nan haɗarinta yake: wanda ba ya biyan kuɗin ja ba ya jin ciwon barin ruwa na zuba. Idan rijiyoyi suka yawaita a fadama ɗaya ba tare da lura ba, ruwan ƙasa na yin nisa, mai gajeriyar rijiya shi ke fara rasawa.

Ruwan kuma ba na Jibiya kaɗai ba ne. Gulbin Gada da ya tsallaka iyaka shi ne Gulbin Maraɗi, wanda ke bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji kafin ya komo Najeriya ya haɗu da Rima. Malalarsa ta damina ce ke cika ruwan ƙasan da garake na can ke sha, shi ya sa mutanen Maraɗi suka daɗe suna kuka da raguwar ruwa tun da aka datse shi. A 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan. Ambaliyar Yulin 2018, wadda ta kashe fiye da mutum 40 a Jibiya cikin dare ɗaya, ta nuna ɗaya fuskar lamarin: ruwan da ake nema wata takwas yana iya zuwa gaba ɗaya cikin sa'o'i.

Abin da ke tsallaken iyaka

Jibiya ba ta buƙatar zuwa nesa neman misali. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da noman rani babban aikin ƙasa a Nijar, aka haƙa rijiyoyi, aka killace filaye kusa da ƙauyuka, mata suka samu fangalinsu. Wasu wuraren sun mutu da tallafi ya ƙare. Waɗanda suka rayu su ne masu ruwa kusa da kasuwa kusa. A Jiratawa, kudu da Maraɗi, filin ban ruwa na kimanin hekta 500 yana aiki tun farkon shekarun 1980, kuma a kwarin Gulbin Maraɗi zogale ya tashi daga itacen jikin danga ya zama amfanin gona da ake shukawa layi-layi, a yanka a kai birane.

Darasi na biyu ya shafi itatuwa. Daga 1983 manoman jihar Maraɗi suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututturan da ke tohowa a gona, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su su girma. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a yankin, ya taimaka wajen yaɗa dabarar, amma manoma ne suka ɗauke ta daga gona zuwa gona. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. Dangantakarta da lambu a fili take. Gidan da ba shi da itacen girki kara da kashin shanu yake ƙonawa, su ne kuwa abincin ƙasa. Inda gawo da sabara da kalgo suka dawo, taki na komawa gona da fangali.

Wannan ya sa kalmar "abincin gida" a Jibiya ba ta tsaya a shingen kwastan ba. Irin albasar Galmi da manoma ke nema daga Nijar yake fitowa, ruwan da Madarunfa ke jira daga Najeriya yake gangarawa.

Ƙasa, iri da ƙwari

Ƙasar yankin rairayi ce, ba ta riƙe ruwa ko taki. Gyaranta shi ne takin gida da ya ruɓe sosai: kashin awaki da na kaji, toka kaɗan, sharar tsakar gida da aka tsince leda da batir daga ciki. Ɗanyen taki na ƙona shuka. Ana jayayya tsakanin masu cewa a guji takin zamani ɗungurungum da masu ganin ba a noma sai da shi. A ɗan lambun gida takin dabbobi ya wadatar; a hekta guda ta garka da wuya ya isa, haɗa biyun ya fi.

Iri kashi biyu ne. Na gargajiya ana iya ɗebe shi daga amfanin bana a shuka baɗi. Na aure, wanda ake kira haibirid, an haɗa iyaye biyu ne aka samo shi. Yana ba da yawa a shukar farko, amma 'ya'yansa ba sa fitowa kamarsa, sai an sake saye. Mai garkar kasuwa na iya cin ribarsa. Ga matar da ke shuka don tukunya, irin da za ta ajiye a ƙullin tsumma ya fi mata.

Tumatir shi ne abin da kowa ke sha'awar farawa da shi, shi ne kuma ya fi ba da wahala. Ba ya son zafin bazara, ba ya son ruwan damina, ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a arewa a 2016. Maganin ƙwari mai ƙarfi irin su fiya-fiya ba shi da gurbi a tsakar gidan da yara ke rarrafe, balle a kan ganyen da za a tsinka gobe. Jiƙaƙƙen 'ya'yan bedi da aka daka, da toka, da tsince tsutsa da hannu sun isa ƙaramin fili.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Ma'aikatan abinci mai gina jiki na kafa hujja da ƙasashe irin su Bangaladash, inda ƙungiyar Helen Keller ta yaɗa lambunan gida tun wajen 1990. Abin da aka gani a can da wasu wurare shi ne gidajen da ke da lambu sun fi cin ganye iri-iri. Tasirinsa a kan girman yara kuwa bai fito sarai haka ba, ya fi bayyana inda aka haɗa lambun da kiwon kaji, da koyar da iyaye mata yadda ake ciyar da yaro, da tsaftar ruwan sha.

Masu suka na tuna shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, lokacin da aka ce makarantu da ma'aikata da kowa ya noma filin da ke kusa da shi, abin ya yi tashe ya wuce. Suna kuma nuna cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya: wanda ya fi buƙatar lambun shi ne wanda ba shi da fili, ba shi da rijiya, ba shi da kuɗin shinge. Ɗan gudun hijirar da ke raɓe a ɗaki ɗaya ba zai dasa zogale a gidan da za a iya tashinsa gobe ba. Mai gidan haya ma yakan hana, don ban ruwa a jikin ginin ƙasa na cin tushen katanga. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma amsarta ba ta wuce a samar da fili na haɗin gwiwa kusa da ruwa ba.

Akwai kuma abin da ba a cika tambayar mata ba. Aikin lambu a kansu yake faɗawa, bisa girki da daka da reno da sana'ar hannu. Akuya da kaji, waɗanda su ne asusun mace, a tsakar gidan nan suke, kuma akuya ɗaya na iya share aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar. Idan ba a yi maganar shinge ba, da maganar wa ke da kuɗin abin da aka sayar, shiri ba ya zama. Tsoron sauro da wasu ke yi kuwa yana da gyara: sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, don haka randa da duro a rufe su, kada a bar ruwa ya kwanta a fangali.

Abin da ake iya tsammani

Idan lambunan gida suka yawaita a Jibiya, farashin gero da masara ba zai motsa ba; wannan na hannun tsaro da damina da ƙofar iyaka. Abin da zai canza shi ne kuɗin cefanen yau da kullum, da yawan ranakun da yaro zai ci ganye a mako. 'Yan gwari ba su da abin tsoro, domin tumatir da albasa da tattasai za su ci gaba da fitowa daga garka.

Sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga a ƙaramar hukumar a farkon 2025 ya ba wasu damar komawa gonakinsu, kuma gwargwadon ɗorewarsa ne rumbu zai dawo. Waɗanda ba za su koma ba, zawarawa da marayu da waɗanda suka riga suka zama 'yan gari, su ne suka fi cancantar a yanka musu ƙananan fangali a filin dam, a ɓangaren da ke kusa da gari, da shinge ɗaya da famfon sola ɗaya na kowa, da ƙa'idar awannin ban ruwa. Hekta biyu da aka raba murabba'in mita ɗari-ɗari za ta ɗauki gida 200.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai bi. Idan ya fara aiki, tumatir na Kadawa da Kura a jihar Kano zai riƙa isowa da sauƙi fiye da yanzu, albasar Nijar ma haka. Mai garkar Jibiya zai samu sabuwar kasuwa da sabbin abokan gasa a lokaci guda. Ganye kuwa ba ya jure doguwar tafiya, yini ɗaya ya isa ya yanƙwane, saboda haka alayyafo da rama da ɗanyen zogale za su ci gaba da zama abin da ake nomawa kusa da inda za a ci su.